Pac-Man ko Ms. Pac-Man, wanne ya fi?

Pac-Man dai wasan bidiyo ne, kamfanin Namco ne ya fitar da shi a Japan a 1980, lokacin sunansa Puck Man, sai da ya shiga Amurka hannun kamfanin Midway aka sauya masa suna. Fili ɗaya ne tal, kuma dodanni huɗun da ke bin ka a wasan kusan hanya ɗaya suke bi kullum, in ka haddace ta shikenan sai kai ta cin maki. Ita kuwa Ms. Pac-Man a 1982 ta fito, kuma fa ba a Japan aka ƙera ta ba, 'yan Amurka ne suka yi wa na farkon kwaskwarima, fili huɗu, kayan marmarin da ake ci don ƙarin maki ma yawo suke sai ka bi su, dodannin kuma ba sa haddatuwa. Ni wallahi ita nake zaɓa.