Moka pot da nake dafa gahawa a gida: ra'ayina

Masu tambayata ko wannan 'yar butar ta alminiyom tana yin espresso (gahawa mai ƙarfi irin ta inji) na gaske, a'a ba ta yi, amma ku tsaya ku ji kafin ku ce asarar kuɗi ce. Injin espresso na shago yana tura ruwa ta cikin garin gahawa da ƙarfin kusan bar 9 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne), giram 18 na gari ya ba ka kamar giram 36 na ruwan gahawa a cikin sakan 25 zuwa 30, ita kuwa moka tururi ne kawai ke tura ruwan sama, ƙarfinta bai wuce bar 1 zuwa 2 ba, shi ya sa ba za ka ga kumfar nan mai kauri a kai ba. Amma ɗanɗano? Wallahi wanda ya saba da na leda a teburin mai shayi sai ya ce wani abin sha ne daban.

Wani ɗan Italiya Alfonso Bialetti ne ya fito da ita tun 1933, har yau fasalin bai canza ba, ba waya ba batir, kan gas kake ɗorawa, ko an ɗauke wuta kwana uku ba ruwanka. Abin da ya sa na bar zancen inji ke nan, wanda yake jan wat dubu da wani abu, ƙaramin janareto ba zai ɗauka ba.

Inda aikin yake shi ne niƙa. Na gwada garin gwangwani da ya daɗe a kanti, ɗaci kawai, da na samu 'ya'yan gahawar Habasha sabon suya na niƙa da ƙaramin abin niƙa na hannu sai ƙamshi ya cika kicin har uwargida da ba ta sha ta leƙo. Laushin ya zama kamar gishirin miya, kuma don Allah kar a kai wa mai injin markaɗe, yaji za ka sha. Ana noman gahawa nau'in arabika a Mambila ma, in kana da mai kawo maka.

Zuba ruwa mai zafi a ɓangaren ƙasa na butar, kar ya rufe ɗan bawul ɗin fitar da tururi da ke gefe, cika mazubin garin da gari kar ka danna, wuta kaɗan-kaɗan, da ka ji ta fara kwarkwar ka sauke, in ka bari ƙauri zai shiga. Robar ciki tana cinyewa, ka sayi ta canji tun ranar da ka sayi butar, don nemanta ita kaɗai a kasuwa wahala ce. Tawa mai kofi uku ce, ni kaɗai take isa, in kuna da yawa ku ɗauki mai shida.