Injin casar shinkafa na hanyar Kura, tsohon manaja da sabo

Masu tambayata kan injin casar nan na bakin titi kafin ka shiga Kura, to ga abin da na gani, shekara 3 kenan ina kai shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, can duk girbin rani in ruwan madatsar Tiga ya wadace mu.

Casa kam ba laifi, babu tsakuwa, shinkafa ba ta kakkaryewa in ka busar da ita sosai, kuma suna barin ka kwashe buntunka.

Magana tana wajen manaja. Na farko ɗan Indiya ne, ka ce masa ina kwana ya ce lafiya buhu nawa, shikenan gaisuwa ta ƙare. Ya soka abin gwada danshi a buhu, in da sauran laima ya nuna maka dandamalin shanya ko kai ɗan dagaci ne. Bashi kuwa ko na kwano ɗaya. Wlh mun ci namansa a majalisa muna cewa ba shi da kara, amma fa layi layi ne, wanda ya riga zuwa shi ake fara yi wa. Babana da ya yi dako wajen Kwara, wato Larabawan Lebanon da Siriya 'yan kasuwa, zamanin dalar gyaɗa cewa ya yi su waɗancan har Hausa da ciniki sun iya, wannan bai zauna da mu ba ne kawai.

Bara aka kawo Alhaji ɗan gida. Mutumin kirki gaskiya, da tabarma da shayi, zai tambaye ka iyali da jikin tsohuwa, ya taɓa ɗaga min kuɗin casa har na sayar. Sai dai kunya ta ɗaure shi. Ran Talata tun hantsi nake layi da buhu 8, motar surukinsa ta zo aka wuce da ita, ta wani kansila ta biyo, ni sai bayan la'asar. Da na yi ƙorafi ya ja ni gefe ya ce haba ƙanena, in na hana shi da wane ido zan kalle shi a masallaci? Na rasa ta cewa don ni ma da ni ne ba zan iya ba.

Yaran injin kuma tun da aka daina tsare musu ido sun fara sakaci da sikeli, ka tsaya a kai da kanka. In za ka je ka yi sammako daga sallar asuba, manya ba sa fitowa da wuri.