Kurtiyen da ya bi mini dosiyen haɗarin mota a Yamai, yabo da ƙorafi

Tunda mutane sun dame ni da tambayar yadda na ƙare da maganar motata, bari in faɗi abin da na gani a ofishin kurtiyen nan, wato dillalin asurans da nake yankar takarda wurinshi shekara uku ke nan. Sunan ofishin ba zan kama ba, don akwai yabo akwai kuma ƙorafi.

Bayan sallar layya ne, na taso daga Wadata ina kan gudro, wata kat-kat ta fito daga lungu ba ta duba ba ta dake ni ta gefe, ƙofa ta lotse, ƙanena da ke zaune wajen ya samu karaya a hannu. Kun san halinmu, nan da nan mutane sunka taru, kowa sai a yi haƙuri tsautsayi ne ku sasanta, mai kat-kat kuma dattijo ne sa'an babana, ya ciro jikka 50 yana miƙo mini wai a kai garaji a rufe magana. Wallahi don kunya saura kaɗan in karɓa. Allah ya sa na kira kurtiyen, ya ce mini, "Ƙanena, kar ka karɓi ko dala, kar ka gusa motar, a kai yaron likita, kai kuma ka ɗauki hoton komai har lambar motarshi da takardar asurans ɗinshi, ka jira 'yan sanda su yi konsta." Wannan kiran kaɗai ya biya ni shekara ukun nan, don daga baya gyaran ƙofar ya ninka jikka 50 ɗin sau da yawa, ba a ma zo maganar hannun yaro ba.

Washegari na je ofis, madam ɗin da ke karɓar dosiye ta zaunar da ni ta karɓi fotokopin permi da kart griz da takardar asurans, munka rubuta deklarasiyon a ranar. Nan na fara jin cewa mu nan Nijar dokar asurans da ake kira CIMA ke aiki a kanmu, yarjejeniyar da anka sa wa hannu a Yawunde a 1992, ƙasashe 14 ke cikinta, kuma yawanci kwana 5 na aiki ake ba ka ka sanar da kamfaninka haɗari, in sata ce ma awa 48. Ni da na yi niyyar sai na huta mako guda tukuna!

Inda sunka fi burge ni shi ne maganar garaji. Makanikena na Katako har ya fara neman ƙofa ta okaziyon, Alhaji kurtiyen ya ce a'a, kar wanda ya taɓa motar sai ekspar ya zo ya gani da idonshi ya rubuta, ka kawo devi kawai, in ka gyara kafin nan me za ka nuna mishi? Haka motar ta yi ta shan ƙura ina hawan taksi da kabu-kabu ina ƙunƙuni, amma gaskiyarshi ce. Ta wajen ƙanena kuma ya ce kowace ordonans, kowane rasit na farmasi, hoton radiyo, takardar likita ta ranar farko, a tara su cikin jaka guda. Mu kuwa ashe mun riga mun kai shi wurin mai ɗori a unguwa mun biya, wannan kuɗin ya tafi ke nan tunda ba takarda, laifinmu ne ba nasu ba.

To ga ƙorafin. Shekara uku ina biya, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini asurans ɗin da nake yanka, mai arhar nan ta dole, wanda na buge take biya, ba ta gyara motata. Da ni ne da laifi da ko tamma ban samu ba. Abin da ya cece ni akwai wani ɗan ƙari cikin kontira wanda ke sa kamfanina ya bi mini haƙƙina wurin kamfanin ɗaya motar, shi ma sai ranar na san da shi. Na ce mishi Alhaji ai tun ranar da kuke karɓar kuɗi ya kamata ku faɗi wannan, ya yi dariya ya ce ku ne ba ku son dogon bayani, arha kawai kuke tambaya. Akwai gaskiya ciki amma ban ji daɗi ba.

Na biyu, waya. Satin farko ko da dare ka kira za a ɗaga, da dosiye ya shiga jira shi ke nan, ka aika vokal a WhatsApp kwana uku ba amsa sai ka tako da ƙafarka. Doka ta ce rahoton 'yan sanda ya isa wurin kamfanin asurans cikin wata 3, nawa ni na yi ta zarya kanshi, alhali na ɗauka aikinsu ne.

Kuɗin motar sun fito, an zabge wani abu wai don tsufan kayan, wannan ma ba su gargaɗe ni ba sai da na ga shek. Na ƙanena har yanzu muna jira, Alhaji ya hana mu sa hannu kan komai sai likita ya tabbatar hannun ya gama warkewa, ya ce ko an sa hannu mutum na da kwana 15 ya janye amma gara kar a kai ga haka. Bai karɓi ko sisi a hannuna ba don bin dosiyen, komisiyonshi wurin kamfani yake.

In maki ne zan ba su 7 cikin 10. Takardata za ta ƙare watan gobe, can zan koma, amma wannan karon da kujera zan zauna sai madam ta karanta mini kontirar layi layi.