Tanti Mai Bango Mai Rahusa: Shin Ya Dace da Fitar Iyali a Mota?

Tantin da nake magana a kansa shi ne wanda bangayensa huɗu ke tsaye cak, rufinsa kuma ya yi tozo a tsakiya kamar na ɗakin kwano. Tsohon samfuri ne a Amurka, domin da irinsa hafsoshi da asibitocin soja suka yi amfani a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, kuma har yau shi ne mafakar maharba a duwatsun Colorado da Montana da Idaho idan sanyi ya sauko. Mu da muke fita da iyali a mota zuwa gandun dajin gwamnati, buƙatarmu dabam ce: muna son ɗakin da magidanci zai tsaya ya yi salla ba tare da kansa ya taɓa rufi ba, wanda kuma za a iya raba shi da labule idan gida biyu suka haɗu. Namu mai ƙafa 12 ne a faɗi da 14 a tsawo, wato kimanin mita 3.7 da 4.3, daga cikin masu rahusar da ake saye ta intanet, kuma a ganina ya ci kuɗinsa, muddin mai saye ya san inda zai rage kuɗi da inda bai kamata ya rage ba.

Wurin da bai kamata a rage ba shi ne yadi. A kasuwar masu rahusa iri biyu ake samu, na roba da na auduga mai kauri, kuma daga nesa kamanninsu ɗaya. Na roba ya fi sauƙin kuɗi da nauyi ƙwarai, amma ba ya numfashi, saboda haka idan mutum shida suka kwana a ciki aka rufe tagogi don sanyi, tururin numfashinsu sai ya taru a jikin rufin ya dawo ɗigo kafin asuba. Na auduga kuwa yana barin tururin ya fice ta tsakanin zare. Na sha shafa bangon namu da tafin hannu bayan sallar asuba, lokacin da raɓa ta jiƙa ciyawa har ta jiƙa gilashin mota, in same shi da sanyi amma a bushe, tabarmar da ke jingine da shi ma ba ta yi laima ba. Da rana kuma farin yadin yana mayar da zafi, ta yadda yara kan iya ƙailula a ciki idan an buɗe ƙofa da tagar baya. Ma'aunin da ya kamata a duba shi ne nauyin yadin a kowane yadi murabba'i. Oza 10.10, wato kusan giram 340 a mita murabba'i, shi ne abin da kamfanoni irin su Davis Tent na Denver da White Duck suke sayarwa, kuma shi ne na namu. Duk tallar da ba ta faɗi nauyin yadinta ba, ni ban amince da ita ba. Sabon yadin auduga yana buƙatar a kafa shi a gida a jiƙa shi sharkaf da tiyo, a bar shi ya bushe, a maimaita, domin zaren ya kumbura ya toshe hujin allura. Wanda ya tsallake wannan zai ga yoyo a bakin ɗinki a ruwan farko, ya ɗauka an cuce shi, alhali kuwa ɗabi'ar auduga ce.

Inda ake samun rangwame na gaskiya shi ne ƙarafan da ke riƙe tantin. Tantin auduga mai wannan girma tare da cikakkun ƙarafansa yakan kusanci dala 1,000 ko ya haura. Amma masu sayarwa da dama suna ba da yadin tare da mahaɗan kusurwa kaɗai, sai mutum ya je shagon kayan gini ya sayi bututun ƙarfen da ake zura wayar lantarki a ciki, mai inci ɗaya, wanda ake sayarwa da tsawon ƙafa 10, ya yanka bisa awon da aka ba shi. Haka muka yi, kuma ƙarafan ba su taɓa lanƙwasa ba ko a iska mai ƙarfi. Sai dai a goge bakin kowane yanki da magagari kafin a zura shi, domin kaifinsa yana yaga yadi.

Game da girma, kada a biye wa adadin mutanen da ake rubutawa a jikin kwali, domin lissafin masu kwanciya ne kafaɗa da kafaɗa ba tare da jaka ko akwati ba. Faɗin namu ƙafa murabba'i 168 ne, kuma abin da ya ɗauka cikin walwala shi ne manya biyu da yara huɗu, da wurin shimfiɗa darduma a tsakiya inda tozon ya fi tsawo. Bangon gefe ƙafa 5 ne, don haka gadon ninkewa yana mannewa da bango ba a yi asarar ko taƙi ba, wanda shi ne babban fifikonsa a kan tantuna masu zagayen rufi. Idan an rataya labule a ƙarfen tozo aka raba ɓangaren mata da na maza, wurin yana ƙuntata nan da nan, kuma shawarata ga gida biyu ita ce su ɗauki tanti biyu matsakaita maimakon ƙato guda.

Rahusar ta fito fili a ƙananan abubuwa. Turakun da suka zo da shi sirara ne, suka karkace a ƙasa mai tsakuwa, sai da muka canza su da manyan ƙusoshin ƙarfe masu ƙafa guda. Zif ɗin ƙofa yana cijewa idan an ja igiyoyi da yawa, kuma shi ne abin da na fi zargin zai fara mutuwa. Shimfiɗar ƙasa ba a ɗinke take da bango ba, abin da ke sauƙaƙa shara amma yake bai wa tururuwa hanya, sai an tura leɓatun robar da ke gindin bangon ƙarƙashin shimfiɗar an danne. Nauyinsa da ƙarafa ya haura kilo 50, yana cinye rabin bayan mota, kuma mutum ɗaya ba zai kafa shi cikin daɗin rai ba.

Akwai kafar bututun hayaƙi a rufin, mai kewaye da yadin da ba ya cin wuta, ga mai son murhun itace. A nan ba na sassauci. Lallai a tabbatar an yi wa yadin maganin hana kama wuta, wanda ake nuna shi da alamar CPAI-84, domin wasu masu rahusar maganin ruwa da fumfuna kaɗai ake yi musu. Alhazanmu sun san gobarar Mina ta 1997, wadda ta ci rayuka sama da 300 har ta sa aka sauya tantunan wurin da waɗanda ba sa kamawa. Kurfoti da gawayi ba sa shiga tantin kwana ko da wasa, saboda iskarsu mai guba ba ta da wari, kuma ƙaramar na'urar gano ta mai batir ba ta da tsada. A dajin da ke da beyar, wata ƙatuwar dabbar daji da ƙanshin abinci ke jawowa, irin su gandun dajin Yosemite da ke California, ko abinci ba a ajiyewa a tanti, sai a akwatunan ƙarfen da hukuma ta tanada.

Kafin a biya kuɗi, a duba abu biyu. Na farko girman fili, domin igiyoyin suna ƙara 'yan ƙafafu a kowane gefe, kuma filayen kafa tanti da yawa ba su kai haka ba. Yosemite ma mutum shida kawai take yarda da su a fili guda, idan an haura haka sai a nemi fili mafi girma ta shafin intanet na Recreation.gov tun da wuri. Na biyu wurin shanya. Auduga idan aka naɗe ta da laima, cikin 'yan kwanaki fumfuna ke kama ta, ta bar baƙin tabo da wari, daga bisani ta ruɓar da zaren. Wanda ke zaune a gidan bene ba shi da tsakar gida ko gareji inda zai baza yadi mai wannan girma ya bushe ƙarau, gara ya haƙura ya sayi na roba ya riƙa barin tagogi a buɗe da dare.