Alif ko kunkunniya: wanne ke maganin makero?

Hajiya, kin ce ɗanki ya fito da makero a kai, maigida kuma tsakanin yatsun ƙafarsa na saɓa, sannan a unguwar Aboabo ta Kumasi an ba ki shawara biyu: alif, ko kunkunniyar madafa a kwaɓa da man kaɗe.

Kunkunniya dai ki ajiye ta. Baƙinta ne ke rufe tabon, sai a ɗauka an warke, ƙwayar cutar kuwa tana nan. Man da aka kwaɓa ta da shi yana riƙe danshi, ga damshin Kumasi da damina. Ragowar hayaƙi ce mai guba: tun 1775 wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya lura masu share bututun hayaƙi suna yawan kamuwa da sankara.

Alif ya fi ta nesa ba kusa ba, amma aikinsa busarwa ne. Gishirin alminiyam ne, yana tsuke fata ya rage gumi, shi ya sa wanzamai ke goga shi bayan aski. A ƙafar maigida zai rage jiƙa da wari. Wani magani mai irin aikin alif da ake samu a kantin magani, famanganet, ya fi shi tabbacin awo: ƙwaya ɗaya mai miligiram 400 a ruwa lita 4, ya zama ruwan hoda mai haske, a jiƙa ƙafa minti 10 zuwa 15. In ruwan ya yi duhu ko ƙwayar ba ta gama narkewa ba, ƙona fata yake, kuma farce zai rine na ɗan lokaci. Bayan an tsane ƙafar sosai a shafa man clotrimazole mai kashe ƙwayar cutar sau biyu a rana, mako 4, ko da ƙaiƙayin ya daina tun makon farko. A nan ne yawanci ake sakaci, abin ya dawo.

Kan yaron kuwa, alif da kunkunniya duka ba su kai wurin ba. Ƙwayar cutar tana cikin silin gashi har saiwarsa, ko man kanti ba ya isa can. Sai maganin sha, griseofulvin, mako 6 zuwa 8, likita ya auna gwargwadon nauyin yaron, a riƙa ba shi bayan abinci mai maiƙo don ya shiga jini da kyau. Asibitin Manhyia na kusa da ku.

Kada a shafa man bilicin ko wani mai sitiroyid, tabon zai dusashe ya kuma bazu. Mataji, hula da tawul ɗinsa a ware, a duba kawunan ƙannensa.