Gwajin korona a Kaduna: wanda ya cancanci kuɗinka da wanda za ka bari a kanta

Da safe zazzaɓi ya kama Yayana, kafin azahar ya aiki yaro kemis ya sayo masa gwajin korona na gaggawa, irin wanda ake zura tsinke mai auduga a hanci. Layi ɗaya ya fito, wato gwajin ya ce babu cutar. Ya ce alhamdu lillahi mura ce, da la'asar ya hau babur ya tafi Tudun Wada gaida Hajiya, ya zauna a ɗakinta har aka kira magariba. Hajiya ta haura shekara 70, ga ciwon sukari. Bayan kwana biyu jiki ya ƙi daɗi, abinci ba ɗanɗano a bakinsa, ya sake gwaji daga kwalin nan dai, layi biyu suka fito ɓaro-ɓaro. Kwana goman da suka biyo baya ba wanda ya yi barcin kirki a cikinmu. Allah Ya tsare ta, amma tun daga lokacin na ɗauki maganar gwaji da muhimmanci, na kuma zauna da ma'aikatan lafiya na yi tambaya har na gane inda aka samu matsala.

Kwalin ba jabu ba ne. Lokacin da aka yi gwajin ne bai dace ba, sannan aka ɗora wa layi ɗaya nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Gwajin gaggawa, wanda ma'aikatan asibiti ke kira antijin, yana neman wani ɓangare ne na jikin ƙwayar cutar a cikin majina. Idan ƙwayar ta yi yawa a hanci zai gan ta, idan ba ta taru ba tukuna sai ya wuce ta. Shi ya sa ya fi kamawa a cikin kwana biyar zuwa bakwai na farkon alamomi, kuma yakan kuskure a sa'o'in farko kamar yadda ya faru da Yaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya masa sharaɗi: cikin masu cutar 100 ya kama aƙalla 80, cikin marasa ita 100 kada ya yi wa fiye da 3 ƙage. A duba lissafin nan da kyau. Idan ya ce kana da ita, kusan ko da yaushe gaskiya ya faɗa, sai ka killace kanka. Idan ya ce babu, akwai yiwuwar kana cikin mutum 20 ɗin da ya tsallake. Mai tari da zazzaɓi da ya ga layi ɗaya, abin da ya kamata ya yi shi ne ya sa takunkumi, ya nisanci tsofaffi da masu hawan jini ko sukari, ya sake gwaji bayan kwana biyu. Don haka idan za ka saya, kada ka sayi guda ɗaya. Sayi biyu ga kowane mara lafiya, in ba haka ba rabin amsa ka biya wa kuɗi.

Amfaninsa dai ba a musu. Minti 15 zuwa 30 ka ga sakamako, ba bin layin asibiti, ba jira. Waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara amincewa da su a 2020 su ne Standard Q na kamfanin SD Biosensor da Panbio na kamfanin Abbott, kuma su ne aka fi gani a hannun ma'aikatan lafiya a ƙasar nan. Wani sunan da ba ka sani ba, ka nemi shaidar rajistar NAFDAC a jikin kwalin, ka duba ranar ƙarewar aiki, ka tabbatar ledar da ke ciki ba a huje take ba.

Akwai abin da mu mutanen Kaduna ya kamata mu fi kowa lura da shi, wato zafi. A jikin kwalin an rubuta a ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 30. A watan Maris da Afrilu garin nan yakan haura 35 a inuwa, balle shago mai rufin kwano ba fanka. Na taɓa shiga wani kemis na ga kwalayen jere cikin gilashin da rana ke duka tun hantsi. Na ce, “Malam, waɗannan ba su sha zafi ba kuwa?” Ya ce, “Alhaji, ai a rufe suke.” Rufi ba ya hana zafi lalata sinadarin da ke ciki. Na yi masa godiya na fita, na saya a babban kantin magani mai na'urar sanyaya ɗaki, ko da yake ya ɗan fi tsada. Kai ma idan ka kawo gida kada ka bar shi a mota. A wajen karantawa kuma, layin da ke kusa da harafin C dole ya fito, in bai fito ba gwajin ya ɓaci ko da me ya nuna. Layi na biyu kusa da T, ko da dishi-dishi ne, ana lissafa shi. Abin da ya bayyana bayan lokacin da takardar ta ƙayyade ya wuce, ba a aiki da shi.

PCR shi ne babba. A ɗakin gwaje-gwaje ake yin sa, na'ura tana ninka ƙwayar halittar cutar har ta gano ko da 'yar kaɗan ce. A lokacin annobar gwamnati ta riƙa yin sa kyauta ga mai alamomi, ana kiran layin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, 6232, a ji inda ake karɓar samfur. A wurare masu zaman kansu kuwa ya kai kusan naira dubu 50 a 2020, mafi yawa matafiya ne suka riƙa biya don a bar su hawa jirgi. Sakamako yakan ɗauki kwana ɗaya ko fiye. Ni a ganina wurare uku ne ya zama dole: mara lafiyar da jikinsa ya yi tsanani, wanda gwajin gaggawa ya ce babu har sau biyu alhali alamomi na ƙaruwa, da kuma tafiya ƙasar da ta shar'anta shi. Sai dai ƙarfinsa yana da illa. Yakan ci gaba da cewa akwai cutar makonni bayan mutum ya warke, saboda yana ganin ragowar ƙwayoyin da suka riga suka mutu. Mutanen Kaduna za su tuna gwamnan lokacin, Nasiru El-Rufa'i, ya sanar da kamuwarsa ranar 28 ga Maris 2020, ya shafe kusan mako huɗu a killace sai da gwaji ya nuna babu sau biyu a jere. Haka ƙa'idar take a lokacin. Daga baya, a cikin 2020 ɗin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta koma ƙirga kwanaki, goma daga fara alamomi, a ƙara uku ba zazzaɓi ba tari. Wanda ya warke, ba shi da buƙatar zuba kuɗi a PCR don ya tabbatar ya warke.

Gwajin jini na ɗan yatsa da ake cewa na korona ne, wanda ke duba garkuwar jiki, kada ka saya don zazzaɓin yau. Garkuwar ba ta bayyana sai bayan mako ɗaya zuwa uku, kuma wanda ya yi allurar rigakafi ma zai iya nunawa.

Duk wannan bayani, in kuɗinka kaɗan ne, ba da gwajin korona zan ce ka fara ba. Zazzaɓi a Kaduna, musamman da damina da bayanta, maleriya ce ta fi kawo shi, kuma ita ce ke saurin kayar da ƙananan yara. Gwajinta na ɗigon jini yana da araha, minti 15 zuwa 20 an gama, yawancin ƙananan asibitocin unguwa suna yi. A fara da shi. Amma a sani mutum na iya ɗauke da maleriya da korona lokaci guda, kuma wanda ya sha maganin maleriya kwanan nan gwajin zai iya ci gaba da nuna layi biyu na wasu makonni. Shi kuwa gwajin Widal da ake yawan cewa ya nuna taifod, yana yawan yi wa masu lafiya ƙage a wurare irin namu, kada a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta a kansa shi kaɗai sai likita ya duba.

Ma'aunin zafin jiki na batir, wanda ake sa wa a hammata, ya fi mini bindigar goshi da ake nuna wa mutane a ƙofar banki. Wadda ake nunawa a goshi fata take aunawa, iskar hunturu ko zafin rana na sauya mata lissafi. A hammata, daga digiri 37.5 zuwa sama zazzaɓi ne.

Gidan da ke da tsoho ko mai ciwon sukari, ina ba da shawarar ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa don auna iskar oksijin a jini. Korona kan rage iskar ba tare da mutum ya ji numfashinsa ya sarƙe ba. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. Idan ta sauka 92 ko ƙasa, a tafi asibiti, Barau Dikko ne ko Yusuf Ɗantsoho ko wanda ya fi kusa, ba a jira wayewar gari. Na'urar na da rauninta da ya shafe mu kai tsaye: binciken da aka yi a Jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 ya nuna takan ƙara wa masu baƙar fata lamba fiye da gaskiyar abin da ke jininsu. Saboda haka 93 ko 94 a yatsanmu abin a kira likita ne. Jan farce da baƙin lalle suna iya rikita ta, haka ma yatsa mai sanyi da asubar hunturu. Lokacin da muke auna Hajiya safe da yamma, sai ƙanwata ta murza mata hannu ya yi ɗumi, ta zaɓi yatsan da lalle bai kama sosai ba, ta ce, “Hajiya, ki ɗan saki hannun kada ki motsa,” mu jira lambar ta tsaya cak, sannan mu rubuta ta a bayan kalanda tare da lokacin da aka auna.