Surge XT: fulogin ɗin da mai shi ya daina sayarwa, ya sake shi kyauta har da kod

Jama'a wata na huɗu ke nan ina aiki da Surge XT kusan kullum, sint ne, wato fulogin mai ƙirƙirar sautin kiɗa (fulogin ƙaramar manhaja ce da ake sawa cikin manhajar haɗa kiɗa), toh na ga ya kamata in faɗi abin da na gani, mai daɗi da mara daɗi, musamman ga masu haɗa kiɗa a kwamfuta da ke ganin duk abin da aka ce kyauta ne to tarkace ne.

Bari in fara da abin da ya kai ni gare shi. Akwai wani sint da na saya da kuɗina shekarun baya, ba zan kama sunan kamfanin ba, na yi waƙoƙi da yawa da shi. Ranar da na canja laftof na zo zan sa shi, ya nemi ya tabbatar da lasisi ta intanet, ashe sabar da zai tambaya an kashe ta tuni. Ina da rasit, ina da lambar lasisin, amma abu ya ƙi buɗewa. Na buɗe tsohon furojet sai ga tirak guda shida sun yi tsit, noti na nan a jere reras, ka danna filei ganguna na tafiya amma bas babu, fad babu, sai ka ce an zare wa waƙar laka. Wlh ranar na daɗe zaune ina kallon sikirin. Tun daga nan na fara duba wanne fulogin ne in mai shi ya gaji ba zai tafi da aikina kabari ba.

Surge asalinsa na kuɗi ne. Claes Johanson ne ya rubuta shi, yana sayarwa da sunan Vember Audio tun wajen tsakiyar shekarun 2000, daga baya hankalinsa ya koma kan Bitwig, kamfanin wata manhajar haɗa kiɗa, don yana cikin waɗanda suka kafa shi, Surge ya zama an bar shi a gefe. A watan Satumba 2018 sai ya saki kod ɗin, wato rubutun da aka gina fulogin ɗin da shi, gaba ɗaya a shafin ajiye kod na GitHub da lasisin GPL3, wato kowa na iya ɗauka ya karanta ya gyara ya raba, sharaɗin kawai in ka raba naka gyaran to kai ma ka bar kod ɗinka a buɗe. 'Yan sa kai suka taru a kai, su ne ake kira Surge Synth Team, suka yi ta gyara har a farkon 2022 suka fitar da Surge XT. Yanzu yana aiki a Windows da Mac da Linux, akwai shi a tsarin fulogin na VST3 da AU da CLAP, kuma yana tashi shi kaɗai ba sai cikin wata manhaja ba.

A nan ne nake so a fahimce ni, don kyauta iri biyu ce kuma mutane na cakuɗa su. Akwai kamfanin da zai ce ga tsofaffin fulogin ɗinmu nan ku ɗauka kyauta amma kar wanda ya neme mu in ya samu matsala, kod kuma yana kulle a wajensu. Mun gode, ba a raina kyauta, sai dai irin wannan kwanansa ƙirgagge ne. Lokacin da macOS Catalina ya zo a 2019 ya daina karɓar manhajoji masu bit 32, duk fulogin mai bit 32 da ba a sabunta ba mutuwa ya yi a wajen, 2020 kuma Apple suka zo da furosesa M1 aka sake sabon lale. Wanda kod ɗinsa ke buɗe kam ko mai shi ya yi ritaya wani zai zauna ya sake gina shi ya dace da sabuwar na'ura, kuma abin da ya faru da Surge ke nan. Ku tuna Alchemy na Camel Audio, Apple ya sayi kamfanin a 2015 sint ɗin ya koma cikin Logic, manhajar haɗa kiɗa ta Apple, masu Windows sai dai su ci gaba da lallaɓa tsohon da ke hannunsu.

Toh yanzu shi kansa kayan. Ran farko da na buɗe shi na kusa rufewa, gaskiya fuskarsa ba ta da fara'a, siladoji ne birjik ko'ina da ƙananan rubutu, ba ruwansa da kwalliya. Amma zai bari ka ƙara girmansa, kuma duk abin da ka danna masa dama akwai alamar tambaya da za ta kai ka daidai wajen bayaninsa a littafin jagora, wannan ya taimake ni sosai. Tsarin shi ne sin biyu, wato ɓangare biyu, A da B, kowanne da osileta uku masu samar da sauti da filta biyu masu tace shi, za ka iya ɗora su kan juna ko ka raba kibod gida biyu, hannun hagu bas hannun dama wani sauti daban. Osiletocin iri goma sha biyu ne, akwai na gargajiya irin na analog, akwai na FM, akwai String mai kwaikwayon tsirkiya, akwai Twist da aka ɗauko daga kod ɗin Plaits na Mutable Instruments. Kun ga wani amfanin buɗaɗɗen kod ke nan, wannan ya ara a wajen wancan ba faɗa ba kotu. Haka ma ifet ɗin Airwindows na Chris Johnson an zuba su da yawa a ciki.

Inda ya sace min zuciya shi ne modileshin, wato ka sa wani abu ya riƙa motsa silada da kansa. Ka danna LFO ɗaya, abin nan mai kai da komowa da ke yin motsin, ka sake dannawa, sai duk siladar da za ta iya karɓa ta nuna maka, ka ja wadda kake so shi ke nan. Wani dare ina neman bas mai numfashi, na ɗauki osileta ɗaya na sauke filta ƙasa sosai, na ɗaura LFO a hankali kan katof ɗin, wato iyakar da filta ke yanke sauti, na ƙara ɗan kaɗan kan fic, wato hawa da saukar sautin, yadda kunne ba zai kama ba sai dai jiki ya ji, sannan na ɗaura ƙarfin bugun yatsa kan zurfin LFO ɗin. In na taɓa a hankali sautin na kwance, in na danna da ƙarfi sai ya buɗe baki ya yi gurnani ya koma. Minti goma ban kai ba, kuma da wannan bas ɗin na maye gurbin wanda ya mutu a tsohon furojet ɗin can, har ya fi na da zama a miks. Kowane sin LFO goma sha biyu gare shi, wasu za ka iya zana musu layin da kake so da hannu, masu son lissafi ma har yaren kwamfuta na Lua za su iya rubutawa a ciki, ni kam ban kai nan ba kuma ba na gaggawa.

Furiset, wato sautukan da aka riga aka haɗa, sun haura dubu biyu, kuma nan ne ƙorafina na farko. Yawa ne ba tacewa, mutane daban daban ne suka yi su, wani ka ji shi kamar daga sama, na gaba da shi ka rasa me mai shi yake nufi, ƙarfin sautin ma ba ɗaya ba ne don haka ka rage bolum kafin ka fara yawo in kana son kunnenka. Wanda ya saba ya buɗe fulogin ya danna furiset uku ya samu sautin da ake yayi, zai ɗan sha wuya. Akwai wajen bincike da alamar waɗanda ka fi so, ka yi amfani da su tun ranar farko.

Na biyu, nauyi. Yawanci ba ya cin furosesa, amma ka sa String ko Twist, ko ka ƙara yunison (ninka sauti) a osiletar da ke da shi, wanda ke kaiwa har 16, ka danna noti biyar a lokaci ɗaya da ribab, ifet ɗin amsa-kuwwa, a kai, tsohuwar laftof za ta fara tari. Na uku kuma wannan a kiyaye: Surge XT da tsohon Surge 1.9 manhajarka ta haɗa kiɗa na ganinsu a matsayin fulogin biyu daban, saboda haka in kana da tsofaffin furojet da tsohon kar ka goge shi, ka bar su tare. Kuma babu VST2 a abin da suke rabawa, Steinberg, kamfanin da ya ƙirƙiro VST, sun rufe ba da lasisinsa tun 2018, in manhajarka tsohuwa ce da ba ta san VST3 ba to ka sani tun yanzu.

Sai maganar taimako in ka maƙale. Ba kamfani ba ne, babu wanda ke cin albashi don ya amsa maka, sai dai ka rubuta matsalarka a GitHub ko Discord ɗinsu da ladabi ka jira. Ni abin da ya burge ni shi ne ana ganin komai a fili, ka ga wanda ya kawo ƙorafi, ka ga gardamar da aka yi, ka ga ranar da aka gyara. Sun kuma yi aiki sosai don makafi su iya sarrafa shi da manhajar karanta sikirin, ga kuma tsarin saita noti na Scala ga mai son fita daga noti 12 da aka saba, abubuwan da manyan fulogin na kuɗi da yawa ba su damu da su ba.

Ba Surge kaɗai ba ne a hannunsu, akwai Stochas da Monique da su ma na kuɗi ne da can aka buɗe kod ɗinsu, da Shortcircuit, samfula ɗin Vember Audio, mai kunna sautukan da aka naɗa, da suke sake ginawa. Monique na gwada sau biyu bai shiga raina ba, Stochas kuwa yana da daɗi in kana son ganguna su riƙa canjawa da kansu.

In maki ne zan ba Surge XT 9 cikin 10, ɗayan na cire saboda furiset da fuskar nan tasa. Ka sauke shi daga shafinsu na ainihi kawai, kar ka bi ta shafukan kirak masu raba manhajojin da aka fasa tunda babu abin da za a fasa, kuma in ka sa shi za ka ga wani na biyu ya biyo shi mai suna Surge XT Effects, ifet ɗin ne zalla, ni yanzu har kan murya nake ɗora shi.